Burodi, Nama da Romo: A Bar wa Lokaci Aikin da Muka Ɗora wa Gishiri

Yau madafa za mu shiga, domin da yawa daga cikin abin da likita yake gani a na'urar awon jini, a tukunya aka fara ƙulla shi. Abincin da za mu duba baƙo ne daga Amurka: naman sa da aka dafa a hankali har ya yi lugub, aka yayyanka shi siri-siri, aka cusa a tsakiyar burodi, sannan aka zubo romonsa a ɗan kwano domin mai ci ya riƙa tsoma kowace loma. Wanda ya saba cin burodi da farfesu ba zai ji shi baƙo a baki ba.

Ra'ayina shi ne wannan abinci ya cancanci ka kawo shi gidanka, amma bisa sharaɗi ɗaya. Daɗinsa daga jinkirin dahuwa yake fitowa. Idan ka ba tukunyar sa'o'in da take bukata, za ka iya rage gishiri da dunƙule ƙwarai ba tare da kowa a gidan ya yi ƙorafi ba. Idan kuwa ka yi gaggawa, dole ka cike giɓin ɗanɗano da gishiri, sai romon ya koma ruwan gishiri mai ƙamshin nama, kai da iyalinka ku shanye shi da burodi kuna santi. Magabata sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Naman wuya bai kai dutse tauri ba, amma irin wannan haƙurin yake nema.

Daga ina ya fito?

Amurkawa suna kiransa French dip, wato tsomi irin na Faransawa, amma ba a Faransa aka haife shi ba. Garinsa Los Angeles ne, a jihar Kalifoniya. Gidajen abinci biyu, waɗanda duk aka buɗe a shekarar 1908, sun daɗe suna jayayya kan wanda ya fara yin sa. Ɗaya shi ne Philippe's, na wani Bafaranshe mai suna Philippe Mathieu da ya yi ƙaura zuwa Amurka. Labarin da gidan yake bayarwa shi ne a 1918 burodi ya suɓuce daga hannun Mathieu ya faɗa cikin farantin gashin nama mai cike da romo. Mai sayen, wani ɗan sanda, ya ce a ba shi hakanan, washegari kuma ya dawo da abokansa suna neman irinsa. Ɗaya gidan, Cole's, ya ce tun a shekarar da aka buɗe shi mai dafa abincinsa ya tsoma burodi a romo domin wani mai saye da dasashinsa ke ciwo, bai iya tauna burodi mai tauri. Ko wanne ne ya fi gaskiya, a labaran biyu romon asali ruwan naman ne da kansa, wanda ya tsattsafo a lokacin dahuwa.

Shigowar abincin cikin gidaje kuwa ta samu sauƙi ne da tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ne ya sami lasisin ƙirƙirarta a 1940. Tunanin ya zo masa daga labarin da mahaifiyarsa ta ba shi na wani dafa-duka da Yahudawan Lituwaniya suke kaiwa tandar mai burodi ya kwana yana dahuwa da ragowar zafi. Kamfanin Rival ya sayi ƙirar, ya fito da ita kasuwa a 1971 da sunan Crock-Pot. Daga nan mace mai zuwa aiki ta samu damar zuba nama da safe, ta dawo da yamma ta tarar ya nuna.

Sai dai sauƙin ya zo da jela. Yawancin tsarin girkin da za ka gani yau a intanet ba ya jiran nama ya ba da romonsa. Za a ce ka juye gwangwanin romon kanti, ka ƙara fakitin garin miyar albasa, ka zuba baƙin ruwan waken soya mai gishiri, wasu ma har giya suke sawa, wadda girkin ba ya bukatarta ko kaɗan. Idan tsarin ya iso madafarmu, abin da zai maye gurbin waɗannan shi ne dunƙule biyar ko shida, sannan a bi su da gishiri.

Inda gishirin yake ɓuya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa kaɗan da cikin cokalin shayi ɗaya. Wannan adadi ya haɗa har da wanda ke cikin burodi da dunƙule da duk abin da ka ci daga safe zuwa dare. Matsakaicin abin da mutanen duniya suke ci ya haura ninki biyu na haka. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Ruwa ya ƙaru a hanyoyin jini, matsi ya ƙaru a bangonsu, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, ƙoda ta riƙa tacewa cikin wahala. Shekaru suna tafiya a haka ba tare da ciwon da zai sa mutum ya je asibiti ba, sai wata rana a ji ɓarin jiki ya shanye ko zuciya ta buga. Hukumar ta ƙiyasta cewa manya fiye da biliyan 1 ne suke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba.

Ka auna wannan da abin da ake zubawa a tukunya. Cokalin cin abinci ɗaya na ruwan waken soya yana ɗauke da kimanin miligiram 900 na sodiyam, wato sama da giram 2 na gishiri. Dunƙule kuwa, idan ka karanta jikin takardarsa, za ka ga gishiri a sahun gaba, sau da yawa kusan rabin nauyinsa. Kanwar da wasu suke jefawa domin nama ya yi saurin laushi ita ma sodiyam ce, ko da ba ta yi zartsi a baki kamar gishiri ba. Burodin da kansa da gishirinsa ya zo daga gidan burodi.

Abin da ya sa wannan abinci ya fi sauran bukatar kulawa shi ne yadda ake cin sa. A miyar tuwo, wani abu yakan rage a kwano. A nan kuwa burodi soso ne: duk abin da ke cikin romo sai ya tsotse, abin da ya rage a kwano kuma a kurɓe. Gishirin da aka zuba a tukunya kusan gaba ɗaya cikin masu ci yake ƙarewa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa tunda a gida aka yi, babu matsala ba. Girkin gida yana ba ka iko ne a kan abin da zai shiga tukunya, kuma ikon ba ya amfani sai an yi aiki da shi.

Abin da sa'o'i suke yi wa nama

Naman da ya dace da wannan girki shi ne wanda mutane suke ƙi saboda tauri: wuya, kafaɗa, ƙirji, da naman ƙauri. Sassan da sa yake motsawa da su kullum ke nan, saboda haka suna cike da jijiya, kuma jijiyar an gina ta ne da wani furotin mai suna kolajin. Idan aka dafa shi da sauri, kolajin yana tsukewa, naman ya yi tauri kamar fata. Amma idan zafi ya haura digiri 70 a ma'aunin salshiyas ya zauna a haka na sa'o'i, a cikin ruwa, sai kolajin ya narke ya koma wani abu mai yauƙi da danƙo. Ka taɓa ganin romon ƙafar saniya da ya huce ya daskare? To shi ne. Wannan danƙon ne yake ba romo jiki, ya manne a harshe, ya sa mai sha ya ji baki ya cika. Romon da ba shi da wannan jikin shi ake ta ƙara wa dunƙule ana neman abin da ba a ba shi lokacin fitowa ba.

Abu na biyu shi ne soya bayan naman kafin a zuba ruwa. Idan busasshen nama ya haɗu da tukunya mai zafi sosai, furotin da ɗan sukarin da ke jikinsa suna haɗuwa su ba da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi mai zurfi. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ne ya bayyana wannan a 1912. Tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100, kuma a wannan zafin abin ba ya faruwa yadda ya kamata. Saboda haka naman da aka jefa ɗanye cikin ruwa yakan fito fari, romonsa salam. Abu na uku albasa ce, wadda idan aka soya ta a hankali takan saki zaƙinta ta yi ja. Na huɗu kuma a gidanmu yake tun kaka da kakanni: daddawa. Ɗanɗanon nan mai gamsarwa da kamfanoni suke sayar mana a dunƙule daga sinadarin gulutamet yake, kuma yana nan a daddawar kalwa da nunannen tumatir da kansa naman da ya daɗe a wuta.

Akwai wata gajeriyar hanya da ya wajaba in ambata domin a guje ta. Wasu masu dafa nama da yawa suna jefa ƙwayar farasitamol a tukunya wai domin a rage cin itace. Hukumomin lafiya a Najeriya sun sha yin gargaɗi a kan haka. Magani ne da ake sha bisa awo, yawansa yana lalata hanta, kuma ba shi da gurbi a cikin abinci.

Yadda za ki haɗa shi

Yanzu bari in juya ga wadda ludayin ke hannunta. Uwargida, ki sa a sayo miki kilo ɗaya da rabi na naman wuya ko kafaɗa, kuma a gaya wa mahauci kada ya daddatsa, ya bar shi manyan yanka biyu ko uku, ya haɗo da ƙashi ɗaya. Ki yanke kitsen da ke bayyane, amma ki bar jijiyar, domin ita ce romon. Idan kin wanke, ki wanke a cikin roba a hankali yadda ruwan ba zai fantsama kan sauran kayan abinci ba, sannan ki tsane naman sosai da tsabtataccen ƙyalle. Jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa, sulala yake yi.

Ki ɗora tukunya mai kaurin gindi, ki zuba man gyaɗa cokali biyu. Idan ya yi zafi ki sa naman, ki ƙyale shi kada ki yi ta juyawa, sai ɓari ɗaya ya yi ja sannan ki juya. Ja ake so, ba baƙi ba. Ki kwashe, ki rage wuta, ki zuba manyan albasa uku da kika yanka, ki soya su kamar minti 15 har su yi laushi su sauya launi. Ki ƙara dakakkiyar tafarnuwa, ɗanyar citta, masoro, kanumfari uku ko huɗu, daddawa, tumatir ɗaya da karas ɗaya. Ki zuba ruwa kaɗan ki kankare abin da ya kama a gindin tukunyar da muciya, domin a nan rabin daɗin yake. Ki mayar da naman da ƙashin, ki ƙara ruwa har ya kai kashi biyu cikin uku na tsayin naman, kada ya shanye kansa.

Idan ya tafasa sau ɗaya, ki rage wuta har sai kin ga kumfa tana tasowa ɗai-ɗai. Ki rufe ki bar shi awa 3 zuwa 4, kina juya naman jefi-jefi. Tafasa mai ƙarfi tana matse tsoka ta fitar da ruwanta, kuma tana dama kitse cikin romo yadda ba zai kwasu ba. Idan tukunyar lantarki gare ki, bayan suyar ki juye komai a ciki, awa 8 zuwa 10 a ƙaramin zafi, ko 4 zuwa 6 a babba. Idan gawayi ne, 'yan garwashi kaɗan sun isa, ana ƙarawa a hankali, kuma a fili ko inda iska ke ratsawa, domin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Alamar nuna ita ce cokali mai yatsu ya shige naman ba tare da kin danna ba.

Ki lura ban ambaci gishiri ba har yanzu, kuma da gangan ne. A tsawon dahuwa ruwa yana tafiya a tururi, gishiri kuwa ba ya tafiya. Abin da kika ɗanɗana da rana kika ji daidai, da yamma ya yi zartsi. Sai kin kwashe naman, kin tace romon, kin bar shi ya ɗan kwanta kin kwashe man da ya taso da ludayi, sannan ki auna gishiri da cokali, ba da tafin hannu ba. Cokalin shayi ɗaya a shafe ya ishi dukan tukunyar. Ki matsa ɗan lemun tsami a ƙarshe, domin tsami yana farkar da ɗanɗano ya rage jin rashin gishiri. Idan kina da firji mai wuta, ki dafa tun jiya: kitsen zai daskare a sama kamar faifai, ki ɗauke shi gaba ɗaya ki zubar, naman mai sanyi kuma ya fi daɗin yanka.

Ki yanka naman a gicciye, wuƙa ta ratsa zarensa, siri-siri, ki mayar da shi cikin romo mai zafi. Burodin da ya dace shi ne mai ɓawo da ɗan tauri, irin dogon burodin Faransawa da ya wadata a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Burodi mai laushi da zaƙi yana narkewa da an tsoma shi, sai dai ki tsaga ki gasa shi a busasshen kasko tukuna. Idan kin sami na alkamar da ba a cire dusarta ba, ya fi riƙe ciki. Amurkawa sukan ɗora cuku ya narke a kai, wanda ke ƙara gishiri da kitse, kuma romo mai jiki ba ya bukatarsa. Abin da farantin yake bukata shi ne ganye: kabeji, latas, kokwamba da ɗanyen tumatir, su cinye rabin farantin.

Nama kilo ɗaya da rabi yakan koma kusan kilo ɗaya bayan dahuwa. Wannan ya ishi mutum 8 zuwa 10, kowa ya sami kimanin giram 100, gishirin da kika zuba kuma bai kai giram 1 ga kowane mutum ba.

To, jan nama fa?

Mai karatu, na san za ka ce ai an ce jan nama yana kawo ciwon daji, ta yaya filin lafiya zai koyar da dafa shi? Tambayar tana kan hanya. A watan Oktoban 2015, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon a Faransa ta sanya sarrafaffen nama, irin na gwangwani da sosej da wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi, cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, musamman na babban hanji. Ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Ƙari ne a kan haɗarin da mutum yake da shi tun farko, ba wai mutum 18 cikin kowane 100 za su kamu ba. Jan nama da ba a sarrafa ba kuwa ta sanya shi a mataki na ƙasa da wannan, wato mai yiwuwa yana haddasawa. Asusun Binciken Ciwon Daji na Duniya ya ba da shawarar kada mutum ya wuce giram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a mako.

Abin da na fahimta daga wannan shi ne awo ake nema. Giram 100 sau ɗaya ko biyu a mako yana cikin iyaka, kuma ya bar wa kifi da kaza da wake gurbinsu. Sannan yanayin dahuwa yana da tasiri. Naman da aka gasa a kan harshen wuta har ya ƙone, kitse yana ɗiga yana tayar da hayaƙi, yana tara sinadaran da masana suke zargi. Dahuwa cikin ruwa a ƙaramin zafi ba ta tara su haka. Idan aka jera yankakken naman kanti mai gishiri, da gashin da ya yi baƙi, da wannan tukunya taki, ita ce ta fi sauƙin haɗari.

Romo ba ya tsaya wa tsoka

Akwai wani imani da ya daɗe a gidajenmu cewa duk amfanin nama yana komawa cikin romo, saboda haka a ba yara da marar lafiya romo, tsoka kuma ta tafi kwanon maigida da baƙi. Wannan kuskure ne mai tsada. Mafi yawan furotin da sinadarin ƙarfe da zinki suna nan a cikin tsokar ko bayan doguwar dahuwa. Romo yana da ɗanɗano da ɗumi da ruwa, yana buɗe wa marar lafiya baki, amma shi kaɗai ba ya gina jiki. Haka kuma maganar da ta yaɗu cewa romon ƙashi yana gyara gwiwa ko yana cike da sinadarin ƙarfafa ƙashi ta wuce abin da aka tabbatar. Ciki yana narkar da kolajin kamar kowane furotin, ba ya aika shi kai tsaye zuwa gaɓa.

Waɗanda suka fi bukatar tsokar su ne waɗanda aka fi hana wa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin kashi 40 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59, da kashi 37 na masu juna biyu, da kashi 30 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe yana kan gaba cikin dalilai. Ƙarfen da ke cikin nama ya fi na ganye da hatsi saurin shiga jiki, sannan nama yana da bitamin B12. A nan wannan abinci yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Nama idan yana tsoka-tsoka a miya, babbar tsoka ta san inda take zuwa. Idan aka yayyanka shi siri-siri aka raba a burodi, rabon yakan zo daidai. Ga shi kuma ya yi laushin da yaro mai sabon haƙori da tsohuwar da haƙoranta suka zube duk za su iya ci. Ga ƙaramin yaro, a ɗebi nasa kafin a sa gishiri. Shayi kuwa a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abincin, domin yana rage shigar ƙarfe jiki.

Tukunyar da ta kwana

Doguwar dahuwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma haɗarin yana dawowa bayan an sauke. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri, kuma romon nama gona ce mai taki a gare su. Akwai wata mai suna Clostridium perfringens wadda take shiga wani ƙoƙo mai jure tafasa. Idan babbar tukunya ta yi ta hucewa a hankali cikin dare, sai ta farfaɗo ta yawaita, masu ci su wayi gari da murɗar ciki da gudawa. Ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1. Abin da ya rage a raba shi cikin ƙananan mazubai marasa zurfi domin ya huce da wuri, a sa a firji, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4, kuma duk lokacin da za a ci a tafasa shi sosai. Inda wuta ba ta da tabbas, a dafa daidai cikin gida, ko a raba wa maƙwabta tun da zafinsa.

Masu tukunyar lantarki su kiyaye abu biyu. Kada a sa daskararren nama a cikinta, domin zai daɗe a zafin da ƙwayoyin cuta suke so kafin ya ɗumama. Kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar dahuwa, a juye nan take a ƙarasa a kan gas ko gawayi. Idan ba kowa a gida lokacin da aka ɗauke, ba a san awa nawa ya zauna ba, zubarwa ta fi. Asarar nama tana da ciwo, amma ba ta kai kwanan asibiti da yara uku ba.

Waɗanda za su ƙara hattara

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tsoma burodinsa sama-sama, ya bar kurɓar romo. Mai ciwon sukari ya tuna cewa farin burodi yana ɗaga sukari da sauri, ya ɗauki rabi ya cike da ganye. Mai ciwon gaɓoɓin nan da ake kira gawut ya sani cewa sinadaran da ke tayar masa da ciwo suna fita daga nama su taru a romo, saboda haka romon ya fi tsokar zama abin gudu a wurinsa. Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya sauya abincinsa, kuma kada ya koma ga gishirin kanti da ake cewa mai ƙarancin sodiyam, sai da shawarar likitansa, domin irin wannan gishiri yana ɗauke da fotasiyam wanda ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa.

Ranar farko mai yiwuwa wani a gidan ya ce gishiri bai ji ba. Kada a miƙa masa kwalbar gishiri, a miƙa masa lemun tsami da dakakken yaji marar dunƙule. Harshe yana sabawa: cikin 'yan makonni na ragewa a hankali, abincin da ake ci a da sai ya riƙa yin zartsi a baki. Abin da aka koya a wannan tukunya kuma zai yi aiki a farfesu da miyar taushe da dafa-duka: a soya nama ya yi ja, a ba albasa lokacinta, a rage wuta, a sa gishiri a ƙarshe da cokali.

Ka zaɓi ranar da ba ka da gaggawa a wannan makon, a gwada shi a gidanka. Idan kuma ka kai shekara ba a auna jininka ba, ka tsaya a asibiti ko kantin magani mafi kusa a auna, kai da uwargida. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a sake aunawa a wata rana, idan ya maimaita a ga likita.